Yaron da ba shi da tsawo

Ranar da na isa gida Damagaram hutun ƙarshen shekara, ban ko gama wanke ƙurar hanya ba ƙanwata ta miƙo mini wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya. Tana ajin ƙarshe na lise, ɓangaren kimiyya, jarrabawar bak kuma saura wata shida. Takardar ta aikin gida ce na darasin fizik. A gefen tambaya ta biyu malamin ya zana sifiri da jan biro, ya ja masa layi biyu a ƙasa. Ta ce, "Yaya, duba mini inda na yi kuskure. Sau huɗu ina sake lissafin nan, amsa ɗaya nake samu."

Ni ɗan ɓangaren adabi ne, rabona da fizik tun farkon shigata lise. Amma a gidanmu duk wanda ya tafi jami'a a Yamai ana ɗauka ya san komai, daga cika takardar asibiti har gyaran rediyo. Da na so in kawo uzuri, sai na ga idanunta. Wannan ne karo na uku a zangon da ta samu ƙasa da rabin maki a fizik, kuma ta fara faɗa wa mahaifiyarmu cewa wataƙila kanta ba na kimiyya ba ne. Yarinyar da tun tana firamare take cewa gadoji za ta gina. Sai na karɓi takardar.

Tambayar layi uku ce da Faransanci. Ma'anarta ita ce: wani yaro ya jefa dutse da gudun mita 20 a sakan, jifar ta yi kusurwar digiri 30 da shimfiɗar ƙasa, a wane nisa dutsen zai faɗi? Iyakarta ke nan.

Na ce ta koya mini kamar ban taɓa shiga aji ba, abin da bai yi nisa da gaskiya ba. Ta jawo allon ƙaninmu ta fara zane. Ta ce gudun dutsen ana raba shi gida biyu, na gaba da na sama, kowane da lissafinsa. A kusurwar digiri 30, rabon sama mita 10 ne a sakan, rabon gaba kuma mita 17,3. Na gaban ba ya canzawa, domin babu abin da ke tura dutsen ko ya riƙe shi ta wannan fuskar. Na saman kuwa jan ƙasa yana zaftare masa mita 10 a kowane sakan, saboda haka bayan sakan ɗaya dutsen ya ƙure hawansa, ya kai mita 5 bisa inda ya tashi, bayan wani sakan ɗin ya dawo daidai tsayin da ya baro. Sakan biyu a sama, kowane sakan mita 17,3 gaba: mita 34,6. Wannan ce amsar da malamin ya rubuta a gefe.

Na ce, "To ai kin iya. Me ya hana ki rubuta haka?"

Ta ce, "Yaya, a mita 34,6 dutsen bai faɗi ba. Ya dai dawo tsayin hannun yaron. Yaro ai a tsaye yake jifa."

Abin da ta yi shi ne, ta ƙiyasta cewa dutsen ya bar hannun yaron a tsayin mita 1,5 daga ƙasa. Wannan ɗan tsayin ya ƙara wa dutsen kusan kashi 14 cikin ɗari na sakan kafin ya taɓa ƙasa, ya kai shi mita 37. Lissafinta ba shi da aibi ko ɗaya. Na bi shi layi-layi da na'urar lissafi ta wayata. Ita da malaminta ba su saɓa a kan fizik ba. Sun saɓa a kan ma'anar kalmar "yaro".

Nan na gyara zama, domin maganar ta baro gonar da ban sani ba ta shigo tawa. A zangon da ya gabata mun shafe makonni a kan littafin Oswald Ducrot na 1972, Dire et ne pas dire, muna rarrabe abin da jimla ta furta da abin da ta shimfiɗa a ƙarƙashinta tun kafin ta furta komai. Ni a rubuce-rubucena na Hausa "shimfiɗar magana" nake kiran na biyun. Idan na ce "Hadiza ta daina zuwa kasuwa", na furta cewa yanzu ba ta zuwa, na kuma shimfiɗa cewa da tana zuwa. Gwajin da kowane ɗalibin sashenmu ya sani shi ne a kore jimlar: "Hadiza ba ta daina zuwa kasuwa ba." Abin da aka furta ya juye, shimfiɗar tana nan daram. Mai sauraro bai cika tsayawa ya tuhumi shimfiɗa ba. Yakan zauna a kanta ne kawai. Ducrot ya kuma ware wani abu na uku, wanda ba a cikin kalmomi yake ba, mai sauraro ne ke ciro shi daga halin da aka yi maganar, irin wanda mu muke kira hannunka-mai-sanda.

Na ɗora jimlar malamin a kan wannan ma'auni, sai na ga kalmomin suna bayan ƙanwata. Duk mai jin Faransanci ko Hausa, in aka ce masa yaro ya jefa dutse, ya ga yaro, ya ga hannu, ya ga hannun a sama da ƙasa. Babu wata kalma a cikin layukan ukun da ta ce dutsen daga ƙasa ya tashi. Da malamin ya ce an buga ƙwallo da ƙafa, da babu gardama. Shi ya zaɓi yaro da dutse, wataƙila don ya kawo darasin kusa da rayuwar ɗalibansa, sai rayuwar ta shigo da abin da bai gayyata ba.

Da dare na kwanta ina jin daɗin na wanke ƙanwata. Kafin asuba na canza shawara, ko in ce na rage murna, domin akwai wata hanyar karanta tambayar wadda ita ma daga darasinmu take. Paul Grice, a laccocin da ya gabatar a Harvard a 1967 waɗanda aka buga wani ɓangarensu a 1975, ya ce masu magana suna tafiya ne a kan zaton haɗin kai. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin wannan haɗin kan ita ce ta adadi: ka ba da bayani gwargwadon buƙata, kada ka rage, kada ka zarce. Ɗalibin da ya yarda cewa malaminsa yana bin wannan ƙa'idar zai yi tunani kamar haka: malam ya ba ni gudu da kusurwa, bai ba ni tsayi ba, da tsayin yana da amfani da ya ba ni, ashe ke nan in ɗauke shi sifiri. Yawancin ƴan ajinsu haka suka yi, ba tare da sun san sun yi ba. Malamin bai yi ƙarya ba, bai kuma yi ha'inci ba. Ya yi shiru ne, ya kuma sa ran a fahimci shirunsa. Hausawa sun ce shiru ma magana ce. Abin da ba su faɗa ba shi ne da wane harshe ake yin ta.

To amma ba zan iya ce wa ƙanwata ta riƙe dokar nan ta "duk abin da ake buƙata an ba ki, duk abin da aka ba ki ana buƙatarsa" ba, domin an san inda take kai yara. Wajen shekarar 1980 wasu masu bincike kan koyar da lissafi a Grenoble, a Faransa, sun ba ƴan firamare wata tambaya: jirgin ruwa yana ɗauke da tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin nawa? Cikin yara 97, guda 76 sun sarrafa lambobin sun ba da amsa, wadda aka fi sani ita ce shekara 36. Yaran nan ba wawaye ba ne. Sun yarda da malam ne fiye da yadda suka yarda da hankalinsu: tunda an tambaya, akwai amsa, tunda an ba da lambobi, a cikinsu take. Guy Brousseau, masanin koyar da lissafi, ya kira irin wannan abu yarjejeniyar koyarwa, wato jerin abubuwan da malami da ɗalibi kowane yake tsammani daga ɗan'uwansa, waɗanda ba a taɓa rubuta su ba, kuma ba a cika lura da su ba sai ranar da wani ya karya ɗaya. Yaran Grenoble sun bi yarjejeniyar har ta jefa su rami. Ƙanwata ta bi duniyar da take gani da idonta, ta karya yarjejeniyar, ta samu sifiri. In aka tilasta mini in zaɓi wanda zan ba amanar gina gada a cikinsu, na san wanda zan zaɓa. Amma ba ni ne zan gyara takardun bak ba.

Washegari muka zauna a zaure, iskar hunturu tana ta turo ƙura ta ƙarƙashin ƙofa, na ce mu lissafa duk abin da tambayar ba ta faɗa ba. Na zaci abu biyu ko uku za mu samu. Muka cika rabin shafi.

Ba a faɗi nauyin dutsen ba. Wannan ni ya fara damuna, domin hankalin wanda bai yi fizik ba yana ce masa babban dutse da ƙarami ba za su faɗi wuri ɗaya ba. Ta nuna mini yadda nauyin yake shiga lissafin ta ɓangarori biyu ya soke kansa: in dai gudun tashi ɗaya ne, kuma jan ƙasa ne kaɗai ke aiki, tsakuwa da dutsen niƙa hanya ɗaya za su bi. Ta ce a 1971 wani ɗan sama-jannatin Amurka, David Scott, ya saki guduma da gashin tsuntsu tare a kan wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa lokaci ɗaya. Shirun da aka yi a kan nauyi ke nan shiru ne na gaskiya: ba a faɗa ba don ba a buƙata.

Amma kalmar "in dai" da ke cikin bayaninta ita ta kai mu ga iska, kuma shirun da aka yi a kan iska wani iri ne dabam. Iska tana nan, tana kuma aiki. An yi shiru a kanta ne don an yi ittifaƙi a kawar da kai, saboda lissafinta ya fi ƙarfin ajin. A kan ɗan dutse mai nauyi da ke tafiya a irin wannan gudun, kawar da kan ba ya jawo babbar asara. A kan ƙwallon roba mara nauyi, ko dutsen da aka jefa ana fuskantar irin iskar da ke kaɗa ƙofar zaurenmu a ranar, asarar ba ƙarama ba ce. Mahaifinmu, da yake zaune gefe yana sauraron rediyo muna zaton hankalinsa ba ya wurinmu, ya ce lokacin da suke yara suna korar tsuntsaye daga gonar gero da majajjawa, abu na farko da yaro yake koya shi ne zaɓen dutse, na biyu kuma duba inda iska ta dosa. Wato abubuwa biyun da takardar ta share su ne farkon karatun mai jifa na gaske. Ya faɗi haka ya koma ga rediyonsa.

Ba a kuma faɗi ƙarfin jan ƙasa ba, abin da suke rubutawa da harafin g. Ita da malamin duk sun sa 10, don haka suke yi a aji tun farkon shekara. Littafinsu a wasu shafuka 9,8 yake sawa. Adadin da aka tsayar a matsayin ma'aunin duniya tun 1901 shi ne 9,80665. A ƙasarmu kuwa, da yake muna kusa da tsakiyar duniya inda jan ya fi rauni kaɗan, abin yana wajen 9,78. Da wannan adadin na ƙarshe aka yi aiki, amsar malamin da kanta za ta tashi daga mita 34,6 zuwa 35,4. Ba wanda zai rage wa ɗalibi maki don ya sa 10 a Damagaram, ko da yake 10 ba gaskiya ba ce a Damagaram, ba kuma gaskiya ba ce ko'ina a bayan ƙasa. Sai kuma sauran: cewa filin a baje yake babu tudu babu gangare, cewa dutsen ɗigo ne mara faɗi, cewa ba ya juyawa a iska, cewa nisan daga ƙafar yaron za a auna shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a kan takarda duk waɗannan shirun kamarsu ɗaya. Farin wuri ne kawai. Babu alamar da ke nuna wa ɗalibi cewa wannan an bar shi don ba shi da tasiri, wancan don an yarda a kawar da kai, wancan kuma don mai tambayar ya manta. Tsayin yaron a wane rukuni yake? Malamin zai ce na biyu. Ni ina zargin na uku ne ya sa rigar na biyu. Ko ma wanne ne, ɗalibin da aka ba maki a kan wannan tambayar an auna shi ne a kan abu biyu, fizik da kuma iya karanta shiru, alhali ɗaya kawai aka koya masa a allo. Harshen tambayoyin fizik wani karin harshe ne mai zaman kansa, wanda a cikinsa sunaye suke zubar da kayan cikinsu: "dutse" yana nufin ɗigo, "ƙasa" tana nufin miƙaƙƙen layi, "yaro" yana nufin mahaɗar layuka biyu inda komai yake sifiri. Wanda ya tashi a gidan da ake jin wannan karin yana tsintarsa kamar yadda ake tsintar harshen uwa. Ɗiyar mai sayar da hatsi sai ta koye shi da jan biro.

Da na koma ga tarihin abin, don in ga ko haka aka faro, sai na tarar ba haka ba ne. Galile ne ya tabbatar cewa abin da aka jefa yana bin lanƙwasar da ake kira parabol, a littafinsa kan sababbin ilimomi biyu da aka buga a Leiden ta ƙasar Holan a 1638, lokacin yana tsare a gidansa kusa da Florence. Littafin hira ce tsakanin mutum uku, Salviati da Sagredo da Simplicio, an raba ta kwana huɗu, kwana na huɗu shi ne na jifa. Da Salviati ya gama kawo hujjarsa, sauran biyun ba su yi shiru ba. Sun ce duniya a dunƙule take, saboda haka babu wani fili da yake shimfiɗaɗɗe da gaske, kuma layukan faɗuwa duk tsakiyar duniya suka nufa, ba a jere suke kafaɗa da kafaɗa ba. Sun ce iska fa? Salviati bai ba su sifiri ba. Ya amsa cewa ƙorafinsu gaskiya ne. Ya kare kansa da cewa nisan da ɗan Adam yake jifa ƙanƙane ne ƙwarai in aka gwada shi da girman duniya, ya kuma kafa hujja da Arkimidis wanda shi ma ya yi irin wannan sassauci a lissafin ma'auni. Game da iska ya yarda cewa tasirinta yana sauyawa da siffar abu da nauyinsa da gudunsa ta hanyoyi masu yawan da ba za a iya kafa musu doka tsayayya ba, don haka sai a yi lissafi ba tare da ita ba, a kuma yi amfani da shi a inda gwaji ya nuna ya dace. Har ya ware harsashin bindiga, ya ce gudunsa ya kai inda lissafin zai kauce.

Wannan ya ba ni mamaki fiye da duk abin da na karanta a hutun. Mutumin da ya kafa darasin ya sa masu gardama a cikin littafinsa da hannunsa, ya ba su bakin magana, ya amsa musu. Shekaru kusan ɗari huɗu na taƙaitawa, daga littafi zuwa littafi, su suka tace hirar har ta koma layi uku, aka bar amsar Salviati aka zubar da tambayoyin abokansa. Da na gaya wa ƙanwata cewa tambayarta irin ta mutanen cikin littafin Galile ce, ta ce, "To su nawa aka ba su bisa ashirin?"

Akwai abu ɗaya da na gwada wanda nake ganin ya shafi masu karanta wannan mujalla kai tsaye. Na ce mu mayar da tambayoyin babin gaba ɗaya zuwa Hausa, ba don komai ba sai don in ga inda za mu cije. Mun cije tun a aikatau na farko. Faransanci ya ce lancer, Hausa ta tambaye mu: ya jefa, ko ya jefo, ko ya jefi, ko ya jefar? "Ya jefi" tana neman abin da aka nufa da jifar, tsuntsu ko mangwaro. "Ya jefar" tana cewa rabuwa da dutsen ne muradi, inda ya faɗi ba damuwa ba ce. "Ya jefo", giredi na shida a tsarin da Parsons ya shimfiɗa a 1960, tana dasa mai magana a wurin da dutsen zai sauka. Abin da masu fizik suke yi da farko in za su warware tambaya, wato zaɓen inda mai kallo yake tsaye su kafa ma'auninsu a can, Hausa tana sa ka yi shi a wasalin ƙarshe na aikatau, ko kana so ko ba ka so.

Wata tambayar a babin ta fi wannan daɗi. Jirgin sama yana tafiya a miƙe, sai ya saki ƙunshin kaya. Aikatau ɗin Faransancin lâcher ne, kuma ƙanwata ta ce a ajinsu an san lâcher yana nufin gudun farko sifiri ne, lancer kuma yana nufin akwai gudu. Aikatau ke nan yana ɗauke da lamba a cikinsa ba tare da an rubuta ta ba. Sai dai a tambayar jirgin wannan fassarar tarko ce. Sifiri ne a wurin matuƙi, wanda in babu iska zai ga ƙunshin yana nitsewa a ƙarƙashinsa kai tsaye. A wurin wanda ke tsaye a ƙasa, ƙunshin ya fito da dukan gudun jirgin, kuma lanƙwasa zai bi ya faɗi can gaba. Da muka zo fassarawa, ni na ce "ya saki ƙunshi", ita ta ce "ya sako ƙunshi", muka dubi juna. Ni ina cikin jirgi, ita tana ƙasa tana jiran kaya. Tata ce ta dace da abin da ake tambaya.

Kada a ɗauka ina cewa Hausa ta fi Faransanci iya fizik. Tana da nata wuraren da take rufe ido. Kalmar "nauyi" ita kaɗai take ɗaukar abin da Faransanci ya raba masse da poids, kuma rabin babin a kan wannan bambancin yake tsaye. Na ma yi amfani da ita a sama a inda mai fizik zai ɗaga gira. "Gudu" da "sauri" ba su raba tafiya da ƙaruwar tafiya ba sai an yi musu ƙarin bayani. Abin da fassarar ta yi mana shi ne, wuraren da harsunan biyu suke yin shiru ba ɗaya ba ne, saboda haka in ka ɗora ɗaya a kan ɗaya sai ramukan kowane su bayyana. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma duk lokacin da aka tayar da zancen koyar da kimiyya da harsunanmu, hankalinmu yakan tafi ga ƙamus: me za mu kira parabol, me za mu kira sinus. Wannan aikin mai sauƙi ne in aka gwada shi da ɗaya. Wanda ya fassara "yaro ya jefa dutse" kalma da kalma ya kawo jimlar, ya baro yarjejeniyar da ke sa a karanta ta daidai a can inda ya ɗauko ta. Ɗalibin da zai karanta ta da harshen da yake jifa da shi a gona zai fi ƙanwata ganin hannun yaron, ba zai gaza ta ba.

Shawarar da muka tsayar kafin in koma Yamai ƙarama ce. Ba ta daina ganin abin da take gani ba, ba ta kuma yi gardama da jan biro a ranar jarrabawa ba. Kafin ta fara kowane lissafi, ta rubuta layi biyu ko uku a sama: na ɗauka babu tasirin iska, na ɗauka dutsen ya tashi daga daidai ƙasa tunda ba a ba da tsayi ba, na ɗauki g a matsayin 10. Sannan ta bi hanya mafi sauƙi da bayanan da aka bayar suke iya kaiwa, domin ita ce mai tambaya ya fi yiwuwa yana nufi. In lokaci ya rage, ta ƙara layi ɗaya a ƙasa ta ce da an san tsayin hannun, nisan zai ɗan fi haka. Kuskurenta na gaskiya, wanda sai da muka yi kwana biyu kafin ta amince da shi, ba ganin tsayin yaron ba ne. Ta ƙirƙiro mita 1,5 daga kanta ta zuba a lissafi ba tare da ta rubuta ko'ina cewa ƙiyasi ne ba. Ta yi wa malamin irin shirun da ya yi mata.

Bayan an koma makaranta ta je ta same shi da takardar. Ta ce ya saurare ta har ƙarshe, ya duba lissafin, ya ce daidai ne, sannan ya ce in ba a ba da tsayi ba kowa ya san sifiri ne. Bai mayar mata da makin ba. Na ji haushi a waya, ita kuwa ba ta ji kamar yadda na zata ba. Kalmar "daidai ne" ita ta riƙe.

Cikin watan Fabrairu ta turo mini hoton sabuwar takardar gwaji ta WhatsApp. Ta samu 14 bisa 20, layukanta uku suna nan a saman kowace amsa, malamin bai ce komai a kansu ba. Amma ta zagaye wani wuri a cikin tambayar farko da fensir. Yaron nan ne dai da dutsensa, gudun ya koma mita 15, kusurwar digiri 45, sai dai a wannan karon an ƙara kalmomi uku da ba su cikin ta farko, masu cewa daga daidai ƙasa aka yi jifar. A ƙarƙashin hoton ta rubuta: "Yaya, ka ga an gyara. Yanzu a kwance yake jifa."